Daga Tauraron Anini Zuwa Gaza: Abin da Muka Sani Game da Yahudawa

Duk dattijon Funtua ko Malumfashi da ya taɓa kai auduga kan sikeli kafin zuwan naira a 1973 ya san kwabo mai huji, ya san anini. A fuska ɗaya akwai kambin sarautar Ingila da ɗan rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin, a ɗaya fuskar kuma tauraro ne mai tsini shida, alwatika biyu sun sarƙe da juna, hujin yana tsakiyarsu. Mata kan zura su a zare su ɗaure a bakin zane. Ka miƙa wa saurayin yau wannan kwabo, kafin ya gama juya shi zai ce maka tambarin Isra'ila ne, wataƙila ma ya ƙara da cewa ga hujja nan, tun fil azal Yahudawa ke juya Najeriya. Alhali an fara buga kuɗin a 1907, shekara arba'in da ɗaya kafin a kafa ƙasar da ake kira Isra'ila.

Lugga da kansa ya faɗi inda ya samo zanen. Ya ce a jikin murfin wata butar tagulla ya gan shi, cikin ganimar da sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kwantagora, ya kuma sa shi a tutar Najeriya ta 1914. Wato daga gidan wani sarki Musulmi tauraron ya fito. Malaman zaure sun san shi da hatimin Annabi Sulaimanu, suna zana shi a laya da allon sha, yana nan a tsofaffin kuɗin Maroko da bangon masallatai a ƙasashe da dama. Su Yahudawa tsohuwar alamarsu fitila ce mai rassa bakwai. Al'ummarsu ta birnin Prag ce ta fara riƙon tauraron a matsayin tambari, ya bazu a Turai, taron Sahayoniyawa na 1897 ya ɗauke shi, 'yan Nazi suka tilasta wa Yahudawa liƙa shi a ƙirji da launin rawaya, a 1948 ya hau tutar Isra'ila.

Yadda aka rikita tauraron nan, haka aka rikita batun gaba ɗaya. A ƙasar nan tamu, daga Bakori zuwa Ƙafur, babu unguwar Yahudawa, babu wanda ya taɓa haɗa iyakar gona da Bayahude ko ya ci bashin taki a wurinsa. Duk abin da muka sani ta kunne ya shigo: daga bakin mai tafsiri ko mai wa'azin coci, daga rediyo, yanzu kuma daga waya. Shi ya sa kalma ɗaya take ɗauke da mutanen Annabi Musa, da mutanen Haibara, da Netanyahu, da duk wani wanda ake zargi da hannu a tsadar dala. Zamani daban-daban ne, mutane daban-daban, kuma wanda bai raba su ba zai yi tuntuɓe a karatu, ya yi tuntuɓe a sauraron labarai.

Bani Isra'ila zuriyar Annabi Yaƙubu ce, ƙabilu goma sha biyu. Yahudawan tarihi sun fito daga masarautar kudu, wadda ta ɗauki sunan Yahuza ɗan Yaƙubu, hedikwatarta Ƙudus. Babilawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu a wajajen 586 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sāke ginawa, Rumawa suka rushe na biyun a shekara ta 70. Daga nan addinin ya sauya kama. Babu wurin yanka hadaya, sai ragama ta koma hannun malamai, waɗanda ake kira rabbi, ibada ta zama karatu da salla da kiyaye doka. Muhawarorin waɗannan malamai aka tattara a Talmud, wanda mafi girmansa a ƙasar Iraƙi aka kammala shi kafin zuwan Musulunci da kaɗan. Talmud ba Attaura ba ce, kuma ba wani littafin asiri ba ne. Fiƙihu ne da ƙissoshi, wane ya ce, wane ya saɓa masa, a kan yanka da aure da gado da diyyar san da ya soki na maƙwabci. Ɗalibin da ya sha gwagwarmaya da Muhtasar zai gane yanayin wurin. Suna kaciya ran kwana takwas, ba sa cin alade, ba sa aiki ran Asabar.

A Madina ma ba abu ɗaya ba ne. An yi yaƙi da Banu Ƙainuƙa'a da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, an ci Haibara, wannan kowa ya haddace. Abin da ba a cika maimaitawa ba shi ne Abdullahi bin Salam babban malaminsu ne kafin ya musulunta, Uwar Muminai Safiyya 'yar shugaban Banu Nadir ce, Muhairiƙu ya mutu a Uhudu yana ɓangaren Musulmi, kuma Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir. Alƙur'ani da kansa, a Suratu Ali Imrana, ya nuna Ma'abota Littafi ba duka suka zama ɗaya ba.

Ta hannun waɗanda suka musulunta, irin su Ka'abul Ahbar, da masu ba da labarin mutanen da, irin su Wahabu bin Munabbih, ƙissoshin Yahudawa suka kwararo cikin tafsiri. Su ne malamai ke kira Isra'iliyyat. Wanda ya zauna tafsirin azumi a ƙauye ya ji labarin Uju ɗan Unuƙu, ƙaton da ke zura hannu ƙasan teku ya ciro kifi ya gasa a idon rana, wanda ruwan ɗufana bai shanye shi ba. Aka ce tsawon Annabi Musa kamu goma, sandarsa kamu goma, ya yi tsalle kamu goma, duk da haka idon sawun Uju kaɗai ya samu. Wannan lissafi na goma-goma yana nan cikin Talmud kusan yadda muke jin sa, sai dai can gatari ne a hannun Musa. Attaura kuwa abin da ta ambata kaɗan ne: Og sarkin Bashan, mai gadon ƙarfe da tsawonsa kamu tara. Ibnu Kasir ya yi fatali da labarin, ya ce ƙarya ne. Ƙa'idar da ya bi sananniya ce: abin da ya dace da namu a karɓa, abin da ya saɓa a watsar, abin da aka yi shiru a kansa kada a gaskata kada a ƙaryata. Abin dariyar shi ne sau da yawa mai wa'azin da ya fi kowa zafi a kan Yahudu, shi ne ya fi kowa iya kwararo tatsuniyarsu, bai san daga rumbunsu ya ɗebo ba.

Akwai tatsuniyoyinsu da ba su iso mu ta tafsiri ba, sai ta fim da intanet. Mafi shahara ita ce ta Golem. Aka ce wani malamin Prag, Yahuza Loew, ya ƙera mutum da yumɓun bakin kogi, ya rubuta sunan Ubangiji a takarda ya sa masa a baki, sai ya tashi yana aiki yana gadin unguwa. Wata jajibirin Asabar malam ya manta bai cire takardar ba, ƙaton ya haukace ya shiga ɓarna, sai da aka zare ta ya koma ƙasa. Malam Loew mutum ne na gaske, ya rasu a 1609, amma sai bayan fiye da shekara ɗari biyu aka fara jingina masa labarin a rubuce. Abin lura shi ne dalilin da ya sa mutane suka yi mafarkin irin wannan mai gadi. Tun daga garin Norwich na Ingila a 1144 ake yaɗa cewa Yahudawa na sace yaran Kirista su yi tsafi da jininsu. Ƙazafi ne irin na maita a ƙauyukanmu: yaro ya mutu, a nuna ƙofar wadda ba ta da mai tsaya mata, kafin gari ya waye an sa wuta. Daga majami'un Turai wannan ƙazafi ya taso, ya shiga ƙasashen Larabawa a ƙarni na 19, yau ga shi yana yawo a WhatsApp da Hausa.

Inda tarihin Yahudawa ya taɓa ƙasar Katsina da gaske shi ne ta wurin Shaihu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili. Mun san shi da littafin shawarar mulki da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da zamansa a Katsina yana karantarwa, da amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu na Songhai, waɗanda Shehu Usmanu ya dogara da su ƙwarai a rubuce-rubucensa. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi. Abin da ba a cika faɗa a makarantunmu ba shi ne abin da ya faru kafin ya tsallako Sahara. A Tuwat, cikin kudancin Aljeriya ta yau, zangon fatake ne babba, akwai tsohuwar al'ummar Yahudawa a garin Tamantit, maƙeran zinariya da 'yan kasuwa. Wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, da ya sauka can a 1447 ya rubuta cewa suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari. Almagili ya ga wannan kusanci da masu mulki ya wuce iyakar da shari'a ta yanka wa ahlul zimma, ya ce sun warware amanarsu, ɗakin ibadarsu kuma dole a rushe shi.

Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Aka aika tambaya Tilimsan da Fas da Tunis. Ibnu Zakri, muftin Tilimsan, ya ce a bar musu wurinsu. Al-Tanasi ya goyi bayan Almagili, Imam Sanusi mai littafin tauhidi ya yaba wa amsar al-Tanasi. Fatawoyin duka suna nan cikin Mi'iyar na Wansharisi. Wajajen 1490 aka rushe ɗakin, aka kashe mutane, saura suka watse. Daga baya, yana Gawo, labari ya iske shi an kashe ɗansa a Tuwat, ya koma can, a can ya rasu a farkon ƙarni na 16. Girman Almagili a tarihin iliminmu ba abin musu ba ne. Amma adalci ne a faɗa wa ɗalibi cewa a wannan mas'ala wasu manyan malaman Malikiyya na zamaninsa sun saɓa masa, kuma ra'ayin alƙalin ya fi kusa da yadda akasarin daulolin Musulmi suka zauna da Yahudawa. A 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, sarakunan Sifaniya suka kori Yahudawa, Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofar daular Usmaniyya. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, likita ne kuma a fadar Salahuddin.

Daga wannan warwatsuwa aka samu rabe-raben da ake ji a labarai. Safardawa su ne zuriyar waɗanda aka kora daga Andalus, Ashkenazawa na Jamus da gabashin Turai, Mizrahawa na Iraƙi da Yaman da Iran da makamantansu. Akwai baƙaƙen Yahudawan Habasha, Beta Isra'ila, waɗanda aka kwashe fiye da 14,000 daga cikinsu da jirage cikin yini ɗaya da rabi a Mayun 1991, kuma har yau suna kukan wariya a can. Duka Yahudawan duniya ba su wuce miliyan 16 ba, kusan rabinsu a Isra'ila, mafi yawan sauran a Amurka.

Sahayoniyanci kuwa siyasa ce, kuma yarinya ce idan aka gwada ta da addinin. Theodor Herzl ɗan jarida ne daga Biyana, ba mai riƙon ibada ba. Kisan gillar da ake wa Yahudawa a Rasha da ƙiyayyar da ya gani a Faransa suka sa ya yanke cewa ba za su tsira ba sai da ƙasarsu. Ya fitar da littafinsa a 1896, ya tara taro a Basel a 1897. A 1903 Ingila ta yi musu tayin wani yanki a gabashin Afirka, cikin Kenya ta yau, suka yi ta gardama suka ƙi. Da yawa daga malaman addininsu sun yaƙi Herzl, suna cewa kafa daula kafin zuwan Almasihu shisshigi ne ga Allah, kuma har yau akwai masu wannan ra'ayi, irin su jama'ar Satmar da Neturei Karta, su na biyun ne ake gani da baƙaƙen huluna a zanga-zangar goyon bayan Falasɗinu. Su tsiraru ne. Yawancin Yahudawa suna da ƙauna ga Isra'ila, ko da suna sukar gwamnatinta. A gefe guda kuma miliyoyin masu goyon bayan Sahayoniyanci a Amurka Kiristoci ne.

Sauran labarin sananne ne, amma sai an riƙe bakinsa biyu. Wasiƙar Balfour ta 1917, inda Ingila ta yi alkawarin ƙasar da ba tata ba. Kisan Yahudawa miliyan shida a hannun Hitila, abin da ya faru da gaske, da takardu da kaburbura da shaidu, musunsa ba ya ƙara wa Bafalasɗine komai. Ƙudurin raba ƙasa na 1947, shelar kafa Isra'ila da Ben-Gurion ya yi ran 14 ga Mayu 1948, da Nakba, inda Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu ba a bar su sun koma ba. Mamayar 1967 da matsugunan da ake ta ginawa a Yammacin Kogin Jodan. Yitzhak Rabin ya yi sulhun Oslo da Arafat a 1993, Bayahude ɗan'uwansa mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi a 1995. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya kashe mutum kimanin 1,200, aka yi garkuwa da wajen 250. Martanin Isra'ila ya kashe dubun-dubatar mutane a Gaza, mata da yara birjik, ya mai da birane kufai, har Afirka ta Kudu ta kai ƙara kotun duniya, kotun hukunta manyan laifuka kuma ta ba da sammacin kama Netanyahu a Nuwamban 2024. Wanda ya yi fushi da wannan yana da hujja, kuma cikin masu fushin akwai Yahudawa a Niyok da Tel Abib. 'Yan'uwanmu Kiristocin Hausa na Malumfashi da Ƙafur, masu karanta Zabura kowace Lahadi tun da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932, su ma suna da tasu rikitar, in suka ɗauka Isra'ilar Tsohon Alkawari ita ce gwamnatin Isra'ila ta yau. Kiristocin Baitalami Falasɗinawa ne, suna bayan katanga da shingen sojoji tare da maƙwabtansu Musulmi.

A siyasar Najeriya Arewa ta daɗe da ɗaukar matsayi. A 1960 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniyar rance da Isra'ila, gwamnatin Sardauna ta ce ba da ita ba, ba ta son ko anini. Yamma da Gabas suka karɓi ƙwararru, har suka kafa ƙauyukan noma da aka kwaikwayo daga tsarin moshab na Isra'ila. Gawon ya yanke hulɗa a Oktoban 1973, Babangida ya maido da ita a 1992. A tsakani aka ga abin mamaki. A Yulin 1984 aka tsinci Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted, kotun Ingila ta ɗaure Isra'ilawa uku da ɗan Najeriya ɗaya, gwamnatocin biyu suka ce ba su san zancen ba. A 1984 ɗin dai gwamnatin Buhari ta hana Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife fita daga masarautunsu na wata shida saboda sun ziyarci Isra'ila. A 1988 Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu.

Sai takardar da ta fi kowace ɓata tunani, wadda ake kira yarjejeniyar dattawan Sahayona, da ke nuna wai wasu tsofaffi sun zauna sun tsara mallake duniya ta hanyar banki da jarida. A Rasha ta fara fitowa a 1903. A 1921 jaridar Times ta Landan ta jera shafukanta gefe da gefe da wani littafin Faransanci na Maurice Joly, na 1864, wanda ya rubuta don zambo ga Napoleon na Uku, babu batun Yahudawa a cikinsa. Kwafe aka yi aka sauya sunaye. Duk da haka Henry Ford ya yaɗa ta a Amurka, 'yan Nazi suka koyar da ita a makarantu, aka fassara ta Larabci, daga can guntayenta suka shigo wa'azinmu ba tare da an ambaci asalinsu ba.

Illarta a gona ake ganinta. Da aka fitar da irin masarar TELA a Janairun 2024, a majalisa sai ka ji wani ya ce, ai Alhaji, wannan makircin Yahudu ne, so suke su kashe mana ƙasa. Daga nan magana ta mutu. Alhali cibiyar binciken noma ta Samaru, nan kusa da mu a Zariya, ita ta yi aikin tare da abokan hulɗarta na waje, kuma akwai tambayoyi na gaske da manomin Funtua ya kamata ya tsare hukuma da su: nawa ne kilo, shin dole a sayi sabon iri kowace damina, wa ke riƙe da haƙƙin mallakar fasahar, wa ya gwada lafiyarta, me zai sami irin gargajiya da ke gonar da ke maƙwabtaka. Abin da kuwa asalinsa daga Isra'ila yake, ba a ma cika sani ba. Siraran tiyo baƙaƙe masu ɗigar da ruwa a gindin tumatir da attarugu, waɗanda masu noman rani ke sha'awa, injiniya Simcha Blass ne ya inganta dabararsu, aka kafa kamfanin Netafim a 1965 a wani ƙauyen noman haɗin gwiwa mai suna Hatzerim cikin hamadar Nagab. A 2018 wani kamfani na ƙasar Meziko ya sayi kashi 80 cikin ɗari na kamfanin.